Papiamento: Harshen da ya kamata baƙo ya fara koya kafin ya sauka a Aruba, Bonaire da Kurasawo

A daren 18 ga watan Nuwamban 2025, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kurasawo ta tashi canjaras babu ci da Jamaika a birnin Kingston. Wannan maki ɗaya ya ishe ta samun gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2026, ta kuma zama ƙasa mafi ƙarancin jama'a da ta taɓa kai wa wannan matsayi. Mutanenta duka kimanin dubu 156 ne, adadin da bai kai na mazauna birnin Maraɗi ba.

Ga matashin da ke bin labarin ƙwallo a fada, ko ɗan ci-ranin da ke zaune a Turai, wataƙila a ranar ne ya fara jin sunan tsibirin. Wanda ya kalli bidiyon murnar da aka yi a Willemstad, babban birnin ƙasar, zai ji wani harshe mai kama da Sifaniyanci ta wani ɓangaren, mai kama da harshen Fotugal ta wani ɓangaren, jefi-jefi kuma kalmar Holanci ta faɗo. Sunan harshen Papiamento. Sama da mutum dubu 300 ne ke magana da shi, kuma duk mai shirin zuwa yankin, yawon buɗe ido ne ko karatu ko aiki, yana da kyau ya san wani abu daga cikinsa tun kafin ya hau jirgi.

Tsibirai uku, harsuna huɗu

Aruba da Bonaire da Kurasawo, wadda ake rubutawa Curaçao a taswira, suna kudancin tekun Karibiyan, dab da gaɓar Benezuwela. Ana kiran su tsibiran ABC saboda haruffan farko na sunayensu. Dukansu suna ƙarƙashin masarautar Holan, amma matsayinsu ya bambanta. Aruba ta samu gwamnatin kanta a cikin masarautar tun 1 ga Janairun 1986. Kurasawo ta samu irin wannan matsayi ranar 10 ga Oktoban 2010, ranar da Bonaire ta zama gunduma ta musamman da ke ƙarƙashin Holan kai tsaye.

Ɗan Sahel ba zai ga yanayin ƙasar baƙo ba sosai. Ruwan sama kaɗan ne, ƙasa a bushe, ga ƙaya, ga awaki suna kiwo a bakin hanya. Ruwan famfo ma daga teku ake tace shi.

Ba abin mamaki ba ne a haɗu da direban tasi ko mai sayar da abinci da ke jin harsuna huɗu. Holanci shi ne harshen dokoki da yawancin takardun hukuma da babban ɓangare na karatu. Ingilishi na masu yawon buɗe ido ne, musamman Amurkawan da ke cika otal-otal na Aruba. Sifaniyanci na maƙwabta ne, ƴan Benezuwela da Kolombiya. Papiamento kuwa shi ne na gida da kasuwa da rediyo da wa'azin coci da muhawarar majalisa. Jaridu irin su Èxtra a Kurasawo da Diario a Aruba da shi suke fitowa.

Wanda ya taso a Nijar da Faransanci ya kamata ya lura cewa Faransanci ba ya cikin waɗannan huɗun. Yana taimakawa wajen gane kalmomi, tunda danginsu ɗaya da Sifaniyanci, amma ba zai kai mutum ko'ina ba a tashar mota.

Gaisuwa kafin buƙata

Mai jin Ingilishi zai iya yin mako guda a Aruba bai furta kalmar Papiamento ko ɗaya ba, ya ci ya sha ya koma gida lafiya. Sai dai zai koma ne a matsayin wanda ya ga otal da bakin teku kawai. A waɗannan tsibirai gaisuwa tana da nauyi irin wanda Bahaushe ya sani. Wanda ya shiga kanti, ko ƙaramar motar haya, ko ɗakin jiran likita, ana sa ran ya gaida waɗanda ya tarar kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wanda ya wuce kai tsaye ya tambayi farashi, za a amsa masa, amma an riga an yi masa kallon marar tarbiyya. Hausawa na cewa baƙon da babu sallama mugu ne, kuma mutanen Kurasawo za su fahimci wannan karin magana ba tare da dogon bayani ba.

Gaisuwar ba ta da wuya. Da safe a ce bon dia, da rana zuwa yamma bon tardi, da dare bon nochi. Haruffan ch ana furta su kamar c ta Hausa, wato bon noci. Kalmar da baƙo zai fara gani tun daga filin jirgi ita ce bon bini, barka da zuwa. Tambayar lafiya ita ce kon ta bai, wato yaya ake ciki, amsarta kuma mi ta bon, ina lafiya. Na gode shi ne danki, na gode ƙwarai masha danki, a amsa da di nada, ba komai. Don Allah por fabor. Sallama ayo, ko te aworo, sai an jima. Taya murna pabien.

Akwai kuma ladabin magana da manya. Kalmar bo ita ce kai ko ke, amma jefa wa dattijo ko dattijuwa bo kai tsaye na iya zama rashin kunya. Akan sa Señor ko Señora a madadinta, kamar a ce Señora ta bon, wato Hajiya tana lafiya, alhali da ita ake magana. Wanda ya saba ce wa babba ku, ko ya kira shi baba ko kawu, ya riga ya san dalilin wannan ƙa'ida.

Kalmar da ta fi kowace shahara ita ce dushi, mai daɗi ko abin so. Ana faɗin ta ga abinci da wuri da masoyi. Tana cikin sunan taken ƙasar Aruba, an kuma kafa ta da manyan haruffa a wani dandali a tsakiyar Willemstad inda baƙi ke ɗaukar hoto. Amma namijin da ya kira macen da bai sani ba dushi, za a iya ɗauka neman ta yake. Ya fi aminci baƙo ya bar ta ga abinci da gari har sai ya san mutane.

Nahawun da ba zai wahalar da Bahaushe ba

Duk wanda ya sha wuyar haddace sauye-sauyen aikatau na Faransanci a lakwal zai ji sanyi a nan. A Papiamento aikatau ba ya canza siffa saboda mai aikin. Ƴan ƙananan kalmomi ne ake sa wa a gabansa su nuna lokaci, kusan yadda Hausa ke yi da ina da na da zan.

Misali, bai shi ne tafiya. Mi ta bai, ina tafiya. Mi a bai, na tafi. Lo mi bai, zan tafi. Mi tabata bai, a da ina tafiya. Wakilan suna shida ne: mi ni, bo kai ko ke, e shi ko ita, nos mu, boso ku, nan su. Ba a raba namiji da mace kamar yadda Hausa ke yi. Korewa da no ake yi, kamar mi no ta komprondé, ban gane ba. Jam'i kuma sai a liƙa nan a ƙarshen kalma: kas gida, kasnan gidaje, buki littafi, bukinan littattafai.

Ƙidaya daga ɗaya zuwa goma ita ce un, dos, tres, kuater, sinku, seis, shete, ocho, nuebe, dies. Da wannan da tambayar kuantu e ta kosta, nawa ne kuɗinsa, mutum zai iya sayayya. Unda na nufin ina, awa ruwa, pan burodi, plaka kuɗi, kuminda abinci. Mi nòmber ta, sunana, sai mutum ya faɗi sunansa.

Wani abin da ke wahalar da Turawa amma kunnen Bahaushe ya saba da shi, shi ne karin sauti. Kamar yadda wuya ta jiki ta bambanta da wuya ta wahala a hawa da saukar murya, haka a Papiamento kalmar mata kan zama tsiro ko kashewa, para kuma tsuntsu ko tsayawa, gwargwadon inda murya ta hau. Ba a koyon wannan a takarda. Sai da sauraron rediyon tsibiran, wanda ake samu a intanet, da kwaikwayon masu harshen.

Jimlar da Musulmi zai haddace

A wajen cin abinci ne harshen ya fi yi wa baƙo rana. Funchi tuwon masara ne, ba wani abu ba. Yambo, ko giambo, miyar kuɓewa ce mai yauƙi da ake ci da shi. Tutu garin masara ne da aka tuƙa da wake. Kabritu stobá naman akuya ne da aka dafa da romo. A tsohuwar kasuwar abinci ta Plasa Bieu da ke Willemstad ana samun yawancin waɗannan a kan dogayen tebura, ma'aikata da baƙi a haɗe.

Sai dai miyar da ta yi kama da ta gida tana iya ɗauke da abin da Musulmi ba ya ci. Al'ada ce a jefa naman alade mai gishiri, musamman wutsiya, a cikin yambo da wasu miya, ko da an ce ta kifi ce. Don haka jimlar mi no ta kome porko, ba na cin alade, tana da muhimmanci fiye da duk wata kalmar ado. Tambayar tin porko aden, akwai alade a ciki, ita ma haka. Piská kifi ne, galiña kaza, karni nama. Musulmi tsiraru ne a tsibiran, amma akwai masallacin Omar bin Al-Khattab a Willemstad, wanda al'ummar Musulmi, akasarinsu ƴan asalin Labanon, suka gina.

Dawa ma tana nan. Ana kiran ta maishi chikitu, wato ƙaramar masara, kuma ita ce tsohuwar cimar talakawan karkara. Bikin girbinta, da ake kira Seú a Kurasawo da Simadan a Bonaire, har yau ana yin sa da kiɗa da rawa.

Harshen da ya ƙetare teku daga Afirka

Wannan kamanni na abinci yana da tarihi. Sifaniyawa sun isa tsibiran a 1499, suka tarar da mutanen Caquetío. A 1634 kamfanin kasuwancin Holan na yammacin Indiya ya ƙwace Kurasawo, daga baya ya mayar da ita babbar cibiyar cinikin bayi, inda ake sauke mutanen da aka kamo daga Afirka kafin a sayar da su zuwa yankunan da Sifaniya ke mulka. Daga 1651 Yahudawa masu asali daga Fotugal da Sifaniya suka fara zama a tsibirin. Wurin ibadarsu na Mikvé Israel-Emanuel, wanda aka gina a 1732, yana nan ana amfani da shi. A cikin wannan cakuɗa harshen ya kafu, har ya zama na bawa da na ubangida baki ɗaya. Ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa da aka samu da shi wata wasiƙa ce ta 1775 da wani Bayahuden Kurasawo ya rubuta wa wata mata.

Masana sun daɗe suna jayayya kan tushensa. Wasu na ganin daga Sifaniyanci ya tsiro a tsibirin. Wasu na ganin ya zo ne da ƙafarsa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Marubucin Kurasawo Frank Martinus Arion ya kare wannan ra'ayi na biyu a bincikensa na 1996, sannan masanin harshe Bart Jacobs ya fitar da littafi a 2012 yana nuna dangantakar Papiamento da harsunan Kiriyol na tsibiran Kap Ber, da ke yamma da Senegal, da na Gini Bisau. Hujja ɗaya tana cikin sunan harshen kansa. Papia na nufin yin magana, kuma haka ake faɗi a Kap Ber da Bisau. Abin sha'awa, Kap Ber ma ta samu gurbin gasar kofin duniya karo na farko a Oktoban 2025, wata guda kafin Kurasawo.

Yawancin kalmomin harshen daga Fotugal da Sifaniya suke, sai kaso mai yawa daga Holanci, kamar danki da buki. Akwai ragowar kalmomin mutanen farko, kamar kunuku, karkara ko gona. Akwai kuma waɗanda ake dangantawa da harsunan Kongo da Angola, kamar pinda, gyaɗa.

Ranar 17 ga Agustan 1795 wani bawa mai suna Tula ya jagoranci tawaye daga gonar Kenepa. An murƙushe tawayen, aka kashe shi ranar 3 ga Oktoba na wannan shekara. Sai ranar 1 ga Yulin 1863 Holan ta soke bauta a yankunanta na Karibiyan. A yau Tula gwarzon ƙasa ne a Kurasawo. Gidan tarihi na Kura Hulanda a unguwar Otrobanda yana baje kolin tarihin cinikin bayi, a kudancin Bonaire kuma ƙananan ɗakunan da bayin da ke aikin gishiri ke kwana a ciki suna nan tsaye, mutum ba ya iya miƙewa a cikinsu. Baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma zai ziyarci waɗannan wurare da wata zuciya dabam da ta sauran masu yawon buɗe ido.

Daga harshen da aka raina zuwa na hukuma

Dalilin da ya sa mutanen tsibiran ke jin daɗi idan baƙo ya gwada harshensu yana da alaƙa da yadda aka daɗe ana raina shi. Shekara da shekaru yaro na tashi da Papiamento a gida, ranar da ya shiga aji kuma a fara koya masa karatu da lissafi da Holancin da bai taɓa ji ba. Da yawa sun maimaita aji ko sun bar karatu saboda haka. Kiɗan gangar tambú ma, wanda ake rerawa da harshen, coci da gwamnatin mulkin mallaka sun taɓa yaƙar sa. Ɗan Nijar da ya taɓa rataya sambol a lakwal don ya yi Hausa ko Zabarmanci ya san irin wannan ciwo.

Al'amura sun fara sauyawa bayan 30 ga Mayun 1969, ranar da ake kira Trinta di Mei. Yajin aikin leburorin da ke aiki a matatar man Shell ya rikiɗe ya zama bore, aka ƙona wani ɓangare na tsakiyar Willemstad, gwamnati ta faɗi. Bayan haka ne aka samu baƙar fata na farko a kujerar firaminista, Ernesto Petronia, da na farko a kujerar gwamna, Ben Leito. Darajar Papiamento ta ƙaru a siyasa da adabi. A 1987 Frank Martinus Arion ya kafa makarantar Kolegio Erasmo wadda ke koyarwa da harshen. Aruba ta mayar da shi harshen hukuma a 2003, sauran tsibiran suka bi a 2007. Har yanzu ana muhawara kan yawan gurbin da za a ba shi a makaranta, tunda ɗalibai da dama a Holan suke ƙarasa karatu. Irin wannan muhawara ce ke gaban Nijar tun da kundin sake gina ƙasa na Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Rubutu iri biyu, da abin da ke gaban matafiyi

Mai koyo zai ci karo da rubutu iri biyu. Kurasawo da Bonaire suna rubuta kalma yadda ake furta ta, suna kuma kiran harshen Papiamentu. Aruba na bin asalin kalmar a Sifaniyanci ko Holanci, tana kiran sa Papiamento. Gida a Kurasawo kas ne, a Aruba cas. Kon ta bai ta koma con ta bay. Magana ɗaya ce, kuma suna fahimtar juna sarai. Wanda ya iya karanta Hausar boko zai fi samun sauƙin rubutun Kurasawo. Tun 2024 manhajar Google Translate ta saka harshen, tana kuma taimakawa wajen karanta allo ko jerin abinci, ko da yake ba ta koya wa mutum karin sauti.

Ƴan Nijar da ke zaune a Holan ko Beljiyam ba sa buƙatar jiran tafiya kafin su gwada. Dubban ƴan tsibiran suna zaune a Rotterdam da Amsterdam da Hague, kuma yawancin ƴan wasan da suka kai Kurasawo gasar duniya a Holan aka haife su. Daga Amsterdam jirgi na kai wa tsibiran cikin awa tara zuwa goma. Akwai kuma makarantun koyon likitanci masu zaman kansu a Aruba da Kurasawo da ke koyarwa da Ingilishi suna karɓar ɗalibai daga ƙasashen waje. Ɗalibin da zai yi shekaru a can zai yi hulɗa da mai gidan haya da direba da maƙwabta da Papiamento ne, ko da darasinsa da Ingilishi ake yi.

Kuɗin ma ba ɗaya ba ne. Aruba na da florin nata, Bonaire na amfani da dalar Amurka tun 2011, Kurasawo kuma ta koma sabon gilda na Karibiyan a 2025.

Abu na ƙarshe ya shafi masu tunanin ci-rani. Duk da cewa tsibiran na ƙarƙashin masarautar Holan, ba sa cikin yankin Schengen. Suna da tsarin biza nasu, izinin shiga can ba ya buɗe ƙofar Turai, kuma bizar ziyara ba ta ba da damar aiki. Ƴan Benezuwela da dama da suka ƙetara da ƙananan jiragen ruwa ba tare da takardu ba sun ƙare a tsare ko an mayar da su, wasu sun mutu a teku. Duk wanda ya ce zai kai mutum Turai ta Kurasawo, a bincika maganarsa a ofishin jakadancin Holan kafin a ba shi ko dala.

Ga wanda takardunsa suka cika kuwa, kalmomi talatin zuwa arba'in sun isa farawa, kuma mako biyu na sauraro da maimaitawa zai iya samar da su. Mutanen tsibiran kan juya zuwa Ingilishi da zarar sun ji baƙo na tuntuɓe, don su sauƙaƙa masa. A nan ne ake buƙatar jimla ɗaya ta ƙari: mi ke siña Papiamentu, ina son in koyi Papiamento. Mai kanti ko direban da ya ji haka daga bakin ɗan Afirka yakan rage saurin magana, ya gyara masa furuci, sau da yawa kuma ya tambaye shi daga wace ƙasa ya fito.